Awon Yara

Motar kamfani ta juye mutum-mutumi a ƙofar shago, wani kan wani, audugar cikinsu duk a waje. Inna Tela ta fito tana gyara tabarau. Aikinta ke nan. Ta ɗinka su, a kafa su a filin gwaji, ƙananan jiragen yaƙin nan marasa matuƙi su yi musu ruwan wuta, a dawo mata da su ta yi faci.

Manyan ba su taɓa hana ta barci ba. Sai kwanan baya aka ce ta ɗinko masu awon yara.

"Don jirgin ya koyi ƙyale su ne, Inna," in ji direban, ɗan ƙanwarta, da ya ga ta haɗe rai. "In ya ga yaro ya wuce abinsa."

Ta yarda, har da murnarta, don 'yarta na aure can inda ake yaƙin, ga yara ƙanana.

Yau ga ƙananan a ƙasan tulin. Ta ɗaga ɗaya, yatsunta suka nutse a ramin harsashi a ƙirjinsa.

"Kai, wannan fa?"

Direban ya sosa ƙeya. "Yana dai koyo. Wataran ya gane, wataran kuwa..."

"To a bari ya gama koyon mana!"

"An riga an fara lodin jiragen, Inna. Masu saye sun matsa."

"Kai ni wurin babbanku."

"Wane ni! Ni da ko barandar ofis ba na takawa? Ki rufa min asiri."

* * *

Ta kira 'yarta a waya. "Ki hana yaran nan fita fili."

"Inna ke nan! In ɗaure su a ƙafar gado? Wa zai ɗebo min ruwa? Lafiya dai?"

 Inna na jiyo autan yana ihu a ba shi ya gaida tsohuwar matarsa. Kafin a miƙa masa, layi ya katse.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta rantse ita da wannan aiki har abada. Can kuma ta ce, to in ba ta ɗinka ba, da wa jirgin zai koya? Da na gaske?

Ta jawo kujera, ta ɗora ƙaramin a cinya, ta shiga mayar masa da audugarsa a hankali, kamar mai gudun kada ya ji zafi.