Rakiyar Baƙon Hajja Kellu

Wata takwas cur Hajja Kellu ba ta taka ƙofar gida ba, tun da ambaliya ta cinye gidanta ta dawo wajen ɗanta a Maisandari. Ko ruwan wanki ta ga ya kwanta a tsakar gida, sai ta koma ɗaki da sauri. Ga shi 'yarta Hanifa ta haihu a Moduganari, haihuwar fari, suna jibi.

"Ni dai matsoraciya ce, an gama," haka ta ce wa Phebe, maƙwabciyarsu mai aikin ba da shawara ga masu damuwa.

Phebe ta gyara zama a tabarma. "Mama, a aikinmu ba ma cewa mutum ne matsala. Ke daban, tsoron daban. Yaushe ya zo gidan nan?"

"Ranar ruwa mana."

"Ashe baƙo ne. Me yake ci?"

Kai, yarinyar nan da tambayar banza! Amma sai Hajja ta ji bakinta ya buɗe. "Barcina yake ci. Ya cinye min bukukuwa uku da ta'aziyya biyu. Yanzu ga shi ya sa ido a kan sunan jikata, ɗan banza mara kunya!"

"To, ya taɓa ce miki zauna, kika ƙi?"

Can Hajja ta tuna: ranar ambaliyar ma, ai ita ce ta goya tsohuwar maƙwabciyarta, ruwa har ƙirji, tana tafe tana zagin ruwan da Barbarci. Wata takwas tana ba da labarin ranar nan, ba ta taɓa faɗar wannan ba. Dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Wannan ma labarinki ne, Mama," in ji Phebe. "Baƙon zai iya leƙowa wani lokaci, ban ce ya tafi ke nan ba. Amma a gidanku, me ake yi wa baƙon da ya daɗe?"

Hajja ta zaro ido. "Rakiya!"

Ranar suna da hantsi ta naɗa lafaya, ta turara jikinta, ta tsaya a zaure ta ce: "Malam Tsoro, tashi in taka maka. Mun gode da ziyara."

Niyyarta bakin lungu kawai. Suka isa bakin lungu, baƙo ya ƙi sallama, yana nan maƙale a ƙirjinta. To, ita 'yar mutunci ce, ba ta juya wa baƙo baya. Ta ƙara masa zuwa bakin titi, Phebe na biye da ita tana danne dariya da gyale.

Mai Keke Napep ya tsaya. "Hajja, ku nawa ne?"

"Mu uku. Ɗayan a hanya zai sauka."

Mutumin ya waiga, ya sake waigawa, ya ja kekensa bai ƙara magana ba.

Da suka zo wata kwata cike da ruwa, sai baƙon ya motsa. Ta damƙe hannun Phebe, ta ce da ƙarfi, "Na ji ka! Zauna da kyau, ba kai ke tuƙi ba." Suka wuce. Wallahi daɗi ya kama ta kamar yarinya ranar Sallah, har mai lemo ta ɗaga wa hannu, ba ta ma san shi ba.

A Moduganari gida ya cika da mata. Hanifa na zaune a gado da jaririya a cinya, ta ɗago kai, ta ƙame. "Ya, uwata? Ke ce? Wa ya kawo ki?"

"Rakiya na yi, ta yi nisa," in ji Hajja, tana dariya hawaye na zuba. Ta miƙa hannuwa biyu, suna rawa. "Ba ni ita haka nan. Ba zan yar ba."