Kujerun Kaka Virgil a Layi na Tara

"Ba zan sa hannu ba," na ce wa Mista Hollis, shugaban ofishin tikiti na jami'armu.

Takardar tana kan teburinsa. Wasiƙa ce da za a aika wa duk mai tikitin shekara na ƙwallon kwando, wai sabon farashi ya yi wa iyalai daidai, mutum huɗu za su kalli wasa da dala sittin. Sunana suke so a ƙasa, domin ni 'yar garin ce, a nan na yi digiri, kuma kowa ya san kakana.

"Darla, sunanki kawai za ki rubuta."

"Yallaɓai, lissafi na karanta shekara huɗu a ginin can. Dala sittin ɗin nan na wasa biyu ne kacal, na ranar Talata, a can saman da sai ka tambayi na kusa da kai wa ya jefa. Wasan Asabar, in an haɗa da kuɗin ajiye mota, ɗari biyu da goma ne, yara ba su ci ko gugguru ba."

"To, Farfesa, mun ji."

"Gudummawar fa? Ban ga an ambace ta ba."

Kujera mai kyau a ɗakin wasanmu ba a samunta da kuɗin tikiti kaɗai. Sai ka ba sashen wasanni gudummawa duk shekara, wanda ya fi bayarwa shi ke fara zaɓa. A bana aka sake rabo daga farko, aka ɗora wa kowace kujera a layi na tara dala dubu da ɗari biyar. A layin nan Kaka Virgil yake zama tun 1979, shi da matarsa Opal, da ta rasu na gaji kujerarta. Fanshonsa na masana'antar gilashi ba zai ɗauki wannan ba. Abin da ya rage mana shi ne ma'aikatan ofis an yafe musu gudummawar kujera biyu.

Mista Hollis ya cire tabaransa, ya murza ido. "Kin san rangwamen nan na 'yan ofis ne. Wanda ya bar ofis ya bar shi."

"Na sani."

Ran Litinin aka mayar da ni filin ajiye motoci mai lamba shida, aka ba ni 'yar rumfa da riga ruwan ɗorawa da na'urar karɓar kuɗi.

Kaka yana suyar ƙwai na faɗa masa.

"Wato kin sayar da kujerata kin sayi taurin kai."

"A wajenka na gada, tsoho."

"Nawa bai taɓa tada kowa daga mazauninsa ba."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya kashe wuta, ya ɗauki matashin zaman Kaka Opal da muke zuwa da shi wasa, ya ɗora a saman firiji.

Asabar ɗin farko sai ga akori-kurarsa a layin motoci. Ya sauke gilashi.

"'Yan mata, babu ragi ga tsofaffi?"

"Dala ashirin, kamar kowa."

"Mugunta dai." Ya miƙo.

Ya ajiye motar kusa da rumfata, ya kunna rediyo. A ɗakin wasanmu ba mai zama sai 'yan wasanmu sun jefa ƙwallon farko a kwando, kowa tsaye yake yana tafi. Da aka busa usur ɗin fara wasa, Kaka ya buɗe ƙofa, ya sauko, ya tsaya a kan dusar ƙanƙara yana tafi shi kaɗai. Ran nan sai da aka yi minti huɗu yaran ba su ci ba.

"Shiga mota, Kaka. Ba wanda ke ganinka."

"Dā ma don a gan ni nake tsayawa?"

Haka muka ci Disamba da Janairu. Yatsuna suka daina jin maɓallan na'ura. Wasiƙar ta fita da sunan wata abokiyar aikina, ɗakin wasa kuma ya ci gaba da cika. Iyalai na wuce ni da yara cikin jajayen riguna, uba ya miƙo katin banki yana kallon wani wajen. Ba wanda ya san abin da ya kawo ni nan, ni ma ban faɗa ba. Wani tsohon malamina na lissafi ya gane ni, ya ce, "A nan aka ƙare?" Na ce masa ya matsa gaba, akwai motoci a bayansa.

A Fabrairu sanyi ya kama ƙirjin Kaka, likita ya hana shi fita. A makon nan Mista Hollis ya tsaya a rumfata da kofin gahawa biyu. Ba mugu ba ne, shi ma ya gaji.

"Teburinki na nan. Wasiƙar baɗi ta iso, ki sa hannu, in mayar da kakanki layinsa kafin wasan ƙarshe."

"An sa gudummawar a ciki?"

"Darla."

"To, na gode da gahawa."

Da na koma gida na faɗa wa Kaka, domin kujerarsa ce. Ya daɗe yana kallon saman firiji.

"Da kin tambaye ni, da na ce ki sa hannu," in ji shi.

"Shi ya sa ban tambaya ba."

Wasan ƙarshe a kicin ya saurare shi, ya dafa bayan kujera ya miƙe tsaye har aka jefa ƙwallon farko. Wasa goma sha shida aka yi a ɗakin wasanmu bana, bai ga ko ɗaya ba, bayan shekara arba'in da biyar bai taɓa fashi ba. Albashina ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Farashi bai sauka da ko sisi ba. Mutanen da wani dillalin motoci ke gayyatowa ne ke zama a layi na tara, Kaka kuma shekararsa tamanin da ɗaya.