Shinkafar Hajiya Jawa

Chinyelu ta ɗaga labulen buhun da ke ƙofar rumfar abincin ta shiga ba tare da ta jira an amsa sallamarta ba. Hirar mazan da ke ciki ta yanke. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne kusan dukkansu, sun jeru a kan benci cikin kakinsu mai baƙin mai, kowa da ganyen ayabarsa a gaba. A wannan rumfa mace ba ta zama. Takan tsaya daga bakin ƙofa a ƙunsa mata abinci ta wuce.

Ita kuwa sai ta ratsa su, ta nemi bencin da ke fuskantar Silvanus, aminin marigayi mijinta, ta gyara zaninta ta zauna.

"Hajiya, a ba ni shinkafa. A nan zan ci," in ji ta.

Mai rumfar ta ɗago daga bakin tukunya. Gajeruwar tsohuwa ce, fara, mutuniyar ƙasar Malaya. Wani alhaji ɗan Kafanchan ne ya auro ta a Makka, ya zo da ita, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Sunanta Rukayya, amma gari duk Hajiya Jawa suke ce mata, sunan da ake kiran mutanen yankinsu da shi a Makka. Da karin kumallon ƙasarsu take riƙe kanta: shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwar da jirgi ke kawowa daga kudu. Ita tana kiranta nasi lamak, mutane na cewa shinkafar Jawa. Musulmi na ci saboda sun san giya da naman alade ba su taɓa giftawa ta ƙofarta ba, Kiristoci kuma na ci saboda daɗi.

Hajiya ta shimfiɗa ganye a faranti, ta zuba shinkafa, ta jera soyayyiyar gyaɗa da ƙananan busassun kifi da rabin dafaffen ƙwai da yankan kokwamba, ta ɗiga jar miyar barkono a gefe. Ta kawo ta ajiye mata.

Ƙamshin ya bugi Chinyelu har sai da ta runtse ido. Irin wannan ƙunshin mijinta Emenike ke kawo mata duk ranar Asabar, kafin tashin hankalin shekarar sittin da shida. Ranar da za su gudu gabas, a wannan rumfar ya tsaya ya ciro mabuɗin gidan da ya gina a bayan tasha, ya danƙa wa amininsa Silvanus amana, a idon Hajiya da rabin mutanen da ke zaune yanzu. Emenike bai ga ƙarshen yaƙin basasa ba. Ita ta dawo da 'yarsu Nkiru, ta tarar da Silvanus da iyalinsa a gidan. A kotu ya rantse cewa saya ya yi. Alƙali ya ce ta kawo shaida ko mutum ɗaya ne, yau da hantsi. Ta bi maƙwabta gida gida, kowa ya yi mata gaisuwar mutuwa, ya ba ta ruwa, sannan ya ce shi bai ga komai ba. Ta gaji da roƙo.

Ta wanke hannu, ta cakuɗa shinkafar da miya, ta kai baki tana kallon Silvanus ido cikin ido.

"Maman Nkiru," ya ce a hankali, "wannan ba wurin mata ba ne. Ki bari mu haɗu a kotu."

"Yunwa nake ji, Baban Meshak. Ko nan ma ka saya?"

Wani ya kwashe da dariya, ya mayar da ita tari. Silvanus ya ture farantinsa.

"Ubangiji shaida ne, in ba don ni ba da an ƙone gidan nan. Ni na kwana a ƙofa da adda. Ni na sake rufi da iska ta yaye kwano. Yarana a ciki aka haife su. Ina kike lokacin?"

"Ina daji ina haƙa ramin abokinka."

Ba wanda ya sake motsi. Ta ɗauki kifi ɗaya ta tauna, ana jin ƙararsa har ƙarshen benci. Barkonon ya fi yadda ta tuna zafi, hawaye ya taru mata, ta ƙi sharewa don kada wani ya ɗauka kuka take. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ga Leonard mai juya layin dogo, wanda Emenike ya koya wa aiki. Ga Malam Tanimu mai gadin tasha. Kowa ya duƙar da kai a kan ganyensa.

"Ku ci abincinku," ta ce. "Ban zo roƙon kowa ba. Na zo in zauna inda mijina ya zauna, in ga mutanen da yake kira 'yan'uwa."

Hajiya tana bakin murhu, ludayi a hannu, ta daɗe ba ta zuba wa kowa ba. Silvanus ya lura. Shi ne babba a cikin ma'aikatan, in ya ce a daina cin abinci a wuri, an daina ke nan. Ya juya gare ta da murmushi.

"Hajiya, ke dai ki yi cinikinki. Maganar 'yan gari ce. Ke ma baƙuwa ce a nan, kin sani, mu ne muke riƙe da ke."

Tsohuwar ta ajiye ludayin. Ta tako har gabansa, kanta bai wuce nasa ba ko da yake a zaune yake.

"Baƙuwa," ta maimaita da Hausarta mai karyewa. "Na binne miji a ƙasar nan, Silbanus. Na dafa maka abinci tun ba ka da gemu. Baƙuwa ba ta da ido ne? Nan ka zauna. Emenike ya tsaya can. Ya ce, riƙe mini har in dawo. Ka ce, ko shekara goma ne. Ka yi kuka, ni na ba ka tsumma ka share fuska."

"Ki yi hankali, Hajiya."

"Na tsufa da hankali."

Ta koma ta janye itacen murhu, ta ɗora murfi a kan tukunyar da ko rabi ba a ci ba. Masu jira a ƙofa suka fara gunaguni. Ta ɗauko mayafinta daga ƙusa ta yafa.

"Yau an tashi," ta ce musu. "Gobe wanda ya ga dama ya zo. 'Yata, tashi mu je wurin alƙalin nan."

Chinyelu ta dube ta. Godiya ta taso mata, amma ta san in ta buɗe baki a gaban mutanen nan kuka zai riga maganar fita. Sai ta sunkuya kan farantinta.

"Bari in gama, Hajiya. Ba na barin abinci."

Haka aka jira ta. Ta cinye shinkafar, ta tsince gyaɗar ɗaya ɗaya, ta suɗe ganyen, ta wanke hannu. Mazan suka fice a sanyaye, Hajiya ta sa kwaɗo a ƙofa.

Hanyar kotu daga nan siririya ce, tsakanin layin dogo da shingen gonakin rogo, mutum biyu ne kawai ke iya jerawa. Hajiya ta riƙe hannun Chinyelu saboda ciwon gwiwa, suna tafiya a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Chinyelu ta ji takun takalmin Silvanus a bayansu. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, yana neman a ba shi hanya ya wuce.

Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma matsa ba.