Kwamfutar da Ba Ta Sa Jira

Mai hoto ya jera kwamfutocin biyu a kan tebur, tsohuwa da sabuwa, ya ɗora musu bidiyo ɗaya su tace, ya danna su a tare. Yayansa, mai shagon, yana tsaye a kansa yana washe baki.

"Mai sayarwa ya ce ƙwaƙwalwar wannan jikar waccan ce," in ji yayan. "Kowane sabon zubi yana ɗara na baya kaɗan. Kaɗan kan kaɗan, yau za ka ga abin da ya taru."

Mai hoto ya kasa kunne. Tsohuwar ta soma hucinta na kullum, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Sabuwar ko tari ba ta yi ba. Ya taɓa bayanta, sanyi ƙalau. Yana cikin mamakin yadda abu zai yi aiki bai yi gumi ba, sai ta nuna ta gama. Tsohuwar ko kwata ba ta kai ba.

"Shi ke nan," yayan ya ce. "An daina 'bari in zaga kafin ta gama'."

Zagawar ba ta nisa ba ce, kantin magani ne a jikin shagonsu. Kullum in tsohuwar ta kama aiki, sai mai hoto ya leƙa ya ce wa mai maganin, "Jiran kwamfuta nake," ita kuma ta turo masa kujera. Son ta yake, amma bakinsa bai taɓa wuce zancen zafin gari ba. Kwamfutar ce 'yar rakiyarsa, ga shi an yi mata ritaya.

Da yayan ya fita, sai mai hoto ya gwada dabara. Ya jibga wa sabuwar bidiyo mafi nauyi, ya ƙara launi, ya ƙara kiɗa, ko za ta jigata. Kafin ya zura takalmi ta gama. Ya tsaya yana kallonta, ta burge shi, ta kuma ba shi haushi.

Haka ya fita, ba hujja.

Mai magani na jera kwalabe. Ba ta juyo ba ta ce, "Tsohuwar taka ta kama aiki ke nan?"

"An canja ta. Sabuwar ba ta sa jira."

"To, me kake jira?"

"Ba komai," ya ce. "Wurinki na zo."

Ta ajiye kwalbar hannunta, ta juyo ta dube shi sosai.

"Ai da tun bara aka sayo ta," ta ce.