Taken Mahauta a Walimar Ɗan Othman

Ustaz Abdulwahid Bahaushen Sudan ne, ɗan garin Mai Wurno, makaɗin udu, garayar nan ta Larabawa. Waƙarsa rabi Larabci rabi namu. Ni Haladu nake raka shi da kalangu, kuma duk Nuzla, unguwarmu ta Takari, wato baƙin da muka zauna a nan ƙasar Larabawa, babu mai hannuna, ku tambaya.

Ranar walimar auren ɗan Alhaji Othman, kafilin Ustaz, wato wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, Alhajin da kansa ya tare mu a ƙofa.

"Ya Ustaz, udu kawai. Surukaina Larabawa ne. Gangar Takari ta tsaya waje."

Na ce, "Ammi, baffana, wallahi ba ta cin shinkafa da yawa."

"Rufe min baki! In na ji ta sau ɗaya, halas, shi ke nan, Ustaz ya nemi wani kafilin."

Na cusa ta cikin tob, jallabiyar da ke jikina, muka shige, ina tafiya kamar mai ciki.

Waƙa biyu da udu zalla, baƙi sai hamma suke. Can baya na hango Baba Bawa, mahaifin Alhaji, tsohon mahauci, an naɗe shi cikin alkyabba an ajiye kusa da tulun ruwa don kada ya yi Hausa a ji. Ustaz ma ya gan shi. Sai na ji udu ya karkata, ya ɗauko taken mahauta.

"Haladu, fito da ita."

"Ustaz, iƙamarka fa, takardar zamanka?"

"Tawa ce ko taka? Yalla, maza!"

Na matse ta a hammata na sake ta. Jama'a, mahauci ba ya jin takensa yana zaune! Baba Bawa ya yar da alkyabba, ya faɗo fili yana kirari, yana yanka iska da hannu.

Alhaji ya rugo. "Baba, don Allah zauna!"

"Kai dai ka zauna. Da wuƙa na ciyar da kai."

Wani tsoho cikin surukan ya miƙe da sandarsa ya shiga rawa, wai ya ɗauka mizmar ce, rawar sanda irin ta unguwarsu. Alhaji ya sunkuyo kan Ustaz yana huci.

"Gobe ka zo ka kwashi takardunka."

Ustaz bai ko rage hannu ba. "Goben, in Allah ya kai mu. Yanzu aiki nake, Alhaji, ka tsaya min kan waya... au, udu ba shi da waya. To matsa dai."

Washegari kuwa Ustaz ya kwashe takardunsa. Wata biyu muna yawon neman kafili, kuma duk ƙofar da muka buga, Ustaz ni yake fara turawa ciki, kalangu a rataye.