Taga a Jikin Zana

Maikuɗi na zaune a kan ragowar gamba, ƙafafu a miƙe, zana ta talatin da tara a gabansa, sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Bai ɗaga kai ba. Ko ya ɗaga, abin da zai gani bai wuce wani farin abu a kan wani jan abu ba. Amma a Kontagora ta wannan bazarar kowa ya san kukan baburan da ƙarin albashin Udoji ya sayo: sababbi ful, masu su ba su gama koyon birki ba.

"Sannu da aiki, Baba Maikuɗi," in ji Mika'ilu, akawu a ofishin gona, kuma sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tsawa. "Saura nawa?"

"Ɗaya bayan wannan."

"Madalla. A matse su da kyau, Baba. Bara rabin gari ta ramukan zana suka yi kallon banza."

"Ba tawa ba dai. Tawa ko iska sai ta yi sallama."

Mika'ilu ya yi dariya, ya shafa madubin babur da hannun riga. "To, kwamiti ya zauna jiya. Wasan ƙarshe da 'yan Zuru, tikiti kwabo hamsin ne."

"Da kuɗin mutane nawa ke nan?"

"Sule biyar."

Yatsun Maikuɗi suka tsaya a kan igiya. "Bara sule ne."

"Bara ba a yi Udoji ba. Yanzu an ƙara albashi, kowa ya samu. Ga sababbin riguna, ga lemon manyan baƙi, duk daga ƙofa za su fito."

"Kowa ya samu, ka ce."

"Kusan kowa."

"To nawa yana hanya. Ƙila motar ce ta lalace a Tegina." Ya ja igiyar, ya ɗaure. Sannan ya ce, kamar wanda ke tambayar farashin abin da ba zai saya ba, "Masu saƙa fa, Malam Sakatare, ta wace ƙofa za su shiga?"

"Ƙofa ɗaya ce, Baba. In na ɗaga wa masu zana, masu igiya za su zo, masu sanduna su biyo baya, har wanda ya ara mana tsani."

"Manyan fa?"

"Su da katin gayyata ne. Ai ba a miƙa wa babban mutum tikiti. Raini ne."

Ya buga babur, ya mutu. Ya sake bugawa, ya tafi yana tangaɗi.

* * *

Sunan Maikuɗi fata ce ta iyaye, kuma ba kowace fata ke karɓuwa ba. Abin da ya mallaka shi ne hannu. A shekarar 'yancin kai, da aka yi gayyar share filin ƙwallon nan, shi ya tumɓuke kututturen ƙirya da ke daidai inda ragar gabas take yanzu, har yau tabon yana ƙwaurinsa. Lokacin filin na kowa ne. Awaki ma sukan halarci wasa. Daga baya aka kafa kwamiti, kwamiti ya gano cewa kallo abu ne da ake sayarwa, kuma ba a sayar da abin da ke shimfiɗe a fili. Aka ce masu zana su ba da gudummawa a kewaye filin, saboda kishin gari. Mu mutanen Kontagora da an ce kishin gari sai mu miƙe, ba ma tambayar garin wa. Rabon Maikuɗi zana arba'in, kyauta.

Bai yi gardama ba, saboda golan Tsawa ɗansa ne, Lukuman. Ɗan fari. Shekara ashirin da ɗaya bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". A kasuwa in an ce, "Kai, jiya ɗanka ya yi tsalle kamar kyanwa," sai ya juya kai ya tambayi kuɗin gishiri. Uba ba ya zuwa cikin taro ya baza ido a kan ɗan fari, balle a ji ya yi tafi. Haka ya gada, haka ya riƙe. A ransa kuwa yakan ce akwai lokaci, wata rana zai bi ta gefen filin kamar mai wucewa.

Alice, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ita ta gaya masa babu lokacin. Ta haska masa tocila a ido, ta daɗe tana dubawa, ta ce ƙudan bakin rafi ne, na tun shekarun da yake yankan gamba a fadamun wajen Bobi. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana haɗa kaya.

"Zai kai kaka?" ya tambaye ta.

"Baba, abin da kake son gani, ka gan shi yanzu."

Wasan Zuru shi ne na ƙarshe kafin ruwa ya sauka. Bayan shi sai kaka. Kuma Allah ya taimake shi da abu ɗaya: gola ba ya yawo kamar sauran, kuma rigarsa daban ce, rawaya shar, wadda matarsa Ruka ta yi wa faci a kafaɗa. Fuska ta fi ƙarfin idonsa yanzu. Rawaya kuwa yana iya kama ta daga nesa.

* * *

Ruka ta fito da tasar jan ƙarfe da ta rage mata ta kayan ɗaki, ta ajiye a gefensa.

"Malam, a kai wannan kasuwa. Za ta yi sule biyar har da canji."

"A sayar da tasa in je in kalli ƙarti suna bin fata?"

"Ni ban ce ka kalli kowa ba. Na ce a kai ta kasuwa."

"Mayar da abarki. Ni in biya kuɗi in shiga cikin zanata? Gari ya gan ni a zaune, a ce ga tsohon can ya zo kallon ɗansa?"

"Garin da zai gan ka duk yana waje, Malam. Wa ke da sule biyar a bazara, rumbu ya kai ƙasa?"

Shi dai yana da dabara, kuma mai dabara ba ya son a ba shi shawara mai sauƙi.

Zana ta arba'in kwana biyu ya yi a kanta. Ya zaɓi gamba mafi tsawo, mafi haske, ya kankare kowane kara. Daidai tsayin idonsa na dama ya bar karare shida bai kama su da saƙa ba, ya jera su yadda in ka tura da yatsa za su zame gefe, in ka saki su koma. Taga ce, faɗin yatsu uku. Don kada a gane, ya ƙawata kewayenta da saƙa mai gaɓa-gaɓa irin wadda ake yi wa ɗakin amarya, ya yi ƙulli biyu a igiyar gefe don hannunsa ya shaida ta. Tunda yake bai taɓa yin zana mai kyanta ba.

Da masu ɗauka suka zo, ya ce wa babbansu, "Wannan a bayan ragar gabas za a kafa ta. Can iska ta fi bugawa."

"An gama, Baba."

Rabin wasa kawai gola zai yi a wannan ragar. Maikuɗi ya lissafa, ya ga mai rabin ido ba shi da bakin raina rabin wasa.

* * *

Ranar Asabar tun azahar gari ya tattaru a filin, ta waje. Mangwaron da aka saba hawa an sassare masa rassa, ya tsaya kamar wanda aka yi wa askin dole. A ƙofa an kafa tebur, Mika'ilu na zaune da tulin tikiti da bai ragu ba. Motoci da babura na isowa, masu su na ɗaga kati, ana buɗe musu da gaisuwa. Ƙarti huɗu da kwamiti ya ɗauka suna zagaye da dorina, suna koro duk wanda ya manna fuska a zana.

Maikuɗi ya bi ta bayan ragar gabas yana shafa. Wannan saƙar Jumare ce, sako-sako kamar haƙoran tsohuwa, an toshe ramukanta da buhu. Wannan tasa ce, amma ba ita ba. Ya bi layin har ƙarshe. Babu ƙulli biyu.

Aka busa usur a ciki.

Ya juya kudu, yana shafa, yana taka ƙafafun mutane, yana ba da haƙuri. Mutane sun jingina kunne a zana, shiru, kamar masu jiran a fito da gawa. Daga ciki ana jin dukan ƙwallo sarai, da numfashin 'yan wasa, da muryar Lukuman yana tsawa, "Koma baya, koma baya." Filin da a da ihunsa ke kaiwa kasuwa.

"Tsoho, me kake nema?" in ji ɗaya daga cikin masu dorina.

"Igiya nake dubawa. Ni na saƙa."

"To duba da hannu, ban da ido."

"Ai shi ya rage."

Sai da ya kusa zagaye filin, har an tafi hutu an dawo, sannan yatsunsa suka faɗa kan ƙulli biyu. A arewa, tsakiyar fili, bayan rumfar manyan baƙi. Daga baya ya ji yadda aka yi. Mika'ilu ne ya gan ta ana saukewa, ya ce zana irin wannan ba ta bayan raga ba ce, a kai ta inda manya za su jingina.

Ya waiga, bai ga komai ba, ya ɗauka ba a ganinsa. Ya tura karare shida gefe, ya kafa ido.

Fari. Shadda ce, sabuwa, tana ƙamshin turare, da zaren aiki ya gangaro daga kafaɗa. Sama da ita ƙeya mai ninki uku, tana gumi. Bayan wani babban mutum ne, ya cika tagar ba ragi.

"Siminti yanzu sai ka san wani a Kaduna," in ji ƙeyar.

"Ni kwano nake nema," in ji ta kusa da ita. "Su wa ke da jar riga ne, mu ko su?"

"Wallahi ban tambaya ba."

Maikuɗi ya jira. Ya ƙware a jira. Ƙafarsa ta yi sanyi, ido na zubar da ruwa, yana gogewa da gefen hula yana mayarwa. An gama siminti, an shiga maganar wanda za a ba muƙami in an yi sabuwar jiha. Can aka ji usur mai tsawo, wani a ciki ya ce fenariti ne a kan Tsawa. Daidai nan kwalbar lemo ta kuɓuce wa babban mutum, ya sunkuya da ƙyar zai ɗauka.

Tagar ta buɗe. Haske, jar ƙasa, wasu inuwoyi a cure. Can nesa, ta hannun hagu, ga rawaya. Tsaye cak, ita kaɗai, ba ta ja da baya ba, sai ɗan motsi da take yi gefe da gefe kamar mai shirin tsalle.

Numfashi uku ya samu. Shadda ta dawo mazauninta.

Aka yi tafi a ciki, na mutum talatin ko arba'in, irin tafin da ake yi wa jawabi. Mutanen waje suka dubi juna, ba wanda ya san abin da ya faru. Maikuɗi ya saki karare, suka koma wurinsu, ba alama.

* * *

Ya riga kowa isowa gida. Ruka na tuƙa tuwo, rana ta yi ja.

"Na gan shi," ya ce, yana zama a kan gamba. "Yaron nan. Za a buga masa fenariti, ya tsaya kamar an dasa shi. Ko gezau. Rigar nan da kika yi wa faci, tana ta haske."

"Ka ga facin ma?"

"Kusan."

Ta yi murmushi ta ci gaba da tuƙi. Ta daɗe ba ta ji muryarsa haka ba.

Da aka yi sallama a zaure, Maikuɗi ya juya baya ya jawo igiya, kamar yadda ya saba. Lukuman ya shigo yana ɗingishi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya samu "yauwa", ya wuce bakin murhu. Ita ma uwar ba ta dube shi ba, don haka tukunya ya ba labari.

"Mun ci ɗaya da nema, Inna. Na kaɗe fenariti. Filin dai fayau, kamar muna atisaye. Kin ga sabuwar rigar? Baƙa suka ba ni, mai dogon hannu, zafi kamar tanda."

Muciya ta tsaya.

"Rawayar nan tawa ta da kuwa, Sakatare ya ce kada a yi asararta. Tela ya yanka ta gida huɗu, aka ɗaura a sanduna, aka yi tutocin kwana, na kusurwoyin fili. Facinki ma yana jikin ta gabas."

Wuta ta ci wani ƙulli a itace, ta yi ƙara.

Lukuman ya rage murya, amma gidan ƙarami ne. "Inna, Baba ya je kuwa? Na yi ta duba ƙofa."

Ruka ta kalli bayan mijinta. Bayan bai motsa ba.

"Ya je," ta ce. "Ya ce ka tsaya da kyau."

Daga gabas iska ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Maikuɗi ya laluba gefensa, ya jawo damin gamba, ya jera karare a kan gwiwa. Ya rufe idon dama, ya fara saƙa. Hannun bai lura an canja komai ba.