Jan Ƙafafun Baƙuwa

Ranar Asabar ɗin Sanda bai ko karya ba. Shekara guda cur ke nan da ɗauko goɗiyar, kuma yau jami'ar gwamnati za ta zo dubawa. In ta gamsu, ta sa hannu a ba shi takardar mallaka. In ba ta gamsu ba, a turo mota a tafi da dabbar.

Goɗiyar 'yar daji ce. Can yammacin Amurka dawakai ke yawo ba mai su a filayen gwamnati. In sun yi yawa ciyawa ta gaza, sai a kamo wasu a raba wa masu wurin ajiyewa. Sanda ba shi da wuri, gidan haya yake a garin Greensboro da ke gabashin Amurka, yana lodin kaya a wani sito a titin Wendover. Amma ɗan dillalin dawaki ne daga Maraɗi, shekara tara hannunsa bai taɓa geza ba. Wani dattijon manomi, Simeon, ya ara masa shinge a bayan gonarsa, gabas da Greensboro.

Wata uku goɗiyar tana juya masa baya. Kullum in ya tashi aiki sai ya kifa bokiti ya zauna, yana yi mata hira da Hausa, har ran da ta gaji ta zo ta shinshina hularsa. Ya sa mata suna Baƙuwa.

Saura kwana huɗu a zo dubawa ta ƙuje ƙafa a jikin shinge. Sanda ya yi abin da ya ga ubansa na yi: ya kwaɓa lalle ya shafa.

Matarsa Daso ta tsare shi da gwangwani a hannu. "Baban Najib, lallen da Anti Kubura ta ɗauko min tun daga gida! Ciwo a ƙafa ɗaya, ka shafe huɗu?"

"Yana ƙarfafa kofato."

"To Allah ya ƙara wa kofato lafiya."

Jami'ar ta iso da hantsi, doguwa, da takardu a hammata. Ta duba ruwa, ta duba ciyawa, ta auna shinge, tana gyaɗa kai. Sai Baƙuwa ta fito daga rumfa. Fararen ƙafafu gare ta, ga su duk huɗun jawur har gwiwa.

Matar ta daina rubutu. "Wannan jinin fa?"

Turancin Sanda ya gudu ya bar shi. Simeon ya yi ƙasa da murya: "Ɗana, sai da na ce ka wanke abin nan."

"Baba, ba ya wankuwa."

Daso ce ta fito daga mota, ta buɗe wa jami'ar tafukan hannunta, ja iri ɗaya. "Ganye ne," in ji ta. "Nawa ne ma ya sata."

Jami'ar ba ta yi dariya ba. "Sai na gani da idona. In ba ta bari an ɗaga ƙafar ba, ba zan sa hannu ba."

Sanda ya shiga shingen ba igiya ba linzami. Ya yi ɗan fito. Baƙuwa ta kalli baƙuwar fuskar, ta karkaɗa kunne, sannan ta tako. Ya shafo ta daga wuya zuwa gwiwa, ya ce, "Ba ni." Ta ba shi.

Matar ta durƙusa, ta goga farar auduga. Ba jini. Ta taɓa ƙujewar, ta tarar ta bushe ƙayau. Ta ce a ɗaga sauran ukun, aka ɗaga. Ta daɗe tana kallon hannun Daso, sannan ta ɗora takardar a kan bokiti ta sa hannu.

Bayan ta tafi, Sanda ya zuba wa Baƙuwa ciyawa, ya tsaya yana sauraron yadda take tauna.

"Daso, akwai sauran ƙosan nan?"

"Ya huce."

"Kawo haka nan. Ki sa wa Baba Simeon nasa."